Tsuntsun Nitai-babu

Silifas ɗin da Sabitri-di ta jefa ya daki katangar saman bene, tsuntsun ya tashi fir ya sauka kan tankin ruwa yana tsiwa.

"Kin ɓata min hoto, Sabitri," in ji Nitai-babu, bai ko ɗaga ido daga kyamararsa ba.

"Hoton banza! Kullum safiya sai ka kira mana tsuntsun shalik guda ɗaya tal. Wa ya taɓa wayar gari da shalik ɗaya ya ga alheri? Ga ɗana Tapan ya sake faɗuwa jarrabawar neman aiki, kai kana nan kana ƙyas-ƙyas."

"Mota ce ta take matar tsuntsun. Laifinsa ne?"

"To ku auri juna mana, gwauro da gwauro!"

Matan da ke shanya suka kwashe da dariya. Ɗakina na kallon nasa a wannan tsohon gida namu na Kolkata, don haka na san yadda yake rayuwa. Tun da ya bar aikin tuƙin tarago ba shi da kowa sai tsuntsun nan mai rawayan baki da rawayan ƙafa. Yakan rage masa shinkafa, ya durƙusa da ƙyar da kyamara yana jiran ya juyo. Rawar hannu kan ɓata yawancin hotunan.

Ranar Laraba muka tarar da tsuntsun a gindin tanki, ƙafafu a sama, kusa da ɗan curin shinkafa mai warin maganin ɓera. Nitai-babu ya ɗauke shi a tafin hannu, ya daɗe a tsaye.

"Yau dai ya tsaya maka cak," in ji Sabitri-di tana matse zani. "Ɗauki hotonka, Nitai-babu."

Ya kwantar da shi kan katanga, ya gyara masa fiffike, ya ɗauka.

Daga ranar ya daina ɗora tukunya. Na kai masa shinkafa da miyar kifi, ya ce, "Ajiye, Parul, 'yata." Washegari na ɗauke kwanon yadda na ajiye shi. Amma bai fasa hawa bene ba, yana dafa bango, ya zauna cikin rana da kyamara a cinya.

Sabitri-di ce ta fara ganinsa kwance rub-da-ciki, hadari na haɗowa. Sai da ta kwashe shanyarta tsaf, ta ninke, sannan ta leƙo ta matakala.

"Parul! Tsohon nan naki ya yi barci a inda bai kamata ba."

Da muka juya shi ya riga ya cika, amma jikinsa da sauran ɗumi.

Ɗan ƙanwarsa ya zo daga Howrah da yamma. Kafin a fita da gawar zuwa bakin kogi, inda ake ƙona mamata, ya riga ya rataya kyamarar a wuya, yana tambayar Tapan ko tana ɗaukar bidiyo. Hotunan kuwa ya tattara su a leda ya aje bakin kwata. Sabitri-di ta tare mai gidan da muke haya a tsakar gida tana tambayar ɗakin marigayin, wai Tapan zai yi aure.

Ruwa ya sauko da ƙarfi bayan sun tafi. Na hau rufe tanki. Igiyoyi duk wayam, sai singiletin Nitai-babu ɗaya da ya ƙoɗe, yana ɗiga.