Kumbon Auta

Shekara talatin da biyu ina fentin mota, kuma ni da karce ba ma ga maciji. Ko a jikin motar wani na hango shi a titi, sai hannuna ya hau ƙaiƙayi.

Auta kuwa, 'yata, tun tana makaranta ba ta da abin so kamar kumbon 'yan sama jannati irin na fim, na roba, wanda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya zauna ya haɗa da gam. Har ta yi aure ba ta daina ba. In na ce, "Ke dai ba kya jin kunya, uwar gida guda da kayan wasa?" sai ta ce, "Gado na yi, Baba. Kai ma ai ƙarfe kake yi wa kwalliya."

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita a asibiti, na je gidanta ɗauko mata kaya. Ga sabon kumbonta a kan tebur, tsawonsa ya kai kamu guda. Subhanallahi! Jikinsa duk karce, wutsiya ta yi baƙi ƙirin, fiffike ɗaya a lotse. Raina ya ɓaci. Wato mai abu na kwance, shi ke nan an bar abinta ya lalace? Ƙodarta ta fi ƙarfina, amma wannan dai aikina ne.

Kwana uku na yi a kansa a gareji. Na bi shi da samfefa mai laushi, na cike lotsawar, na fesa fenti hannu uku. Ya fito fari tas, har ka ga fuskarka.

Na kai mata ina ta washe baki. Ta daɗe tana kallonsa, ta shafa fiffiken da ɗan yatsa.

"Baba, kai ka yi?"

"Wa kuma zai iya?"

"Ya yi kyau," in ji ta. "Kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ka ajiye shi a wurinka."

Ni sakarai, na ɗauka yabo ne. Bayan kwana tara Allah ya karɓi abarsa.

Da ƙafa ta ɗauke, mijinta ya zo gaishe ni. Ya ga kumbon a kan kabad, ya tashi ya duba, sai ya koma ya zauna a hankali.

"Baba, ina karcen?"

"Na gyara mata."

Ya rufe fuska da hannu. Da ƙyar ya gaya mini. Ashe ita ta yi su, da bakin allura. Baƙin wutsiyar hayaƙin kyandir ne, lotsawar ma da gangan ce. Wai kumbon da ya yi tafiya mai nisa dole a gani a jikinsa. Duk ranar da ta dawo daga wankin ƙoda sai ta ƙara karce ɗaya. Sun kai sittin da wani abu.

Ta gani, ta sani, ta ce mini ya yi kyau. Wayyo Auta.

Da ya tafi na fito da kumbon tsakar gida, cikin rana. Na juya shi sama da ƙasa, na leƙa ƙarƙashin fiffike, na bi kowane lungu da farce, ina roƙon Allah ya sa na manta da ko guda ɗaya.

Ban manta ba. Ni aikina ba ya barin karce.