Firji Da Gudun Ranar Litinin

A ƙungiyar su Mazen akwai wata al'ada da ba wanda ya san ranar da aka kafa ta. Duk ɗan wasan da aka gama kakar zari-ruga bai dangwala ƙwallo a bayan layin abokan karawa ko sau ɗaya ba, to ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan wasan ƙarshe sai ya tuɓe kayansa kaf, ya zaga filin atisaye a guje kamar yadda aka haife shi, sauran suna tafi suna ihu. Ba a ɗaga wa kowa ƙafa. An ce akwai shekarar da kyaftin da kansa ya yi, ana tsuga ruwan sama.

Mazen Kabbara ɗan gaba ne, cikin ƙartin da ake ajiyewa a tsakiyar fili don su ɗauki duka. Aikinsa bai canza ba tun yana ɗan makaranta: a miƙa masa ƙwallo, ya duƙar da kai, ya nemi ƙirjin wanda ya fi kowa girma a gabansa, ya afka masa, a taru a kayar da shi, ya tashi, a sake. Saboda faɗinsa da rashin lanƙwasarsa ake ce masa Firji. A yammacin birnin Sydney in ka ce Mazen sai a tambaye ka wanne, in ka ce Firji sai a nuna maka gidan. Irinsu ba su cika cin maki ba, wannan aikin masu sauri ne na gefen fili. Amma kowace shekara Allah yakan jefo masa guda ɗaya, ko ya faɗa kan layi da mutane a gadon bayansa, ko ƙwallo ta gangaro ƙafarsa. Bana shiru. Wasa ɗaya ya rage, kuma a duk ƙungiyar shi kaɗai ne bai ci ba.

Mazen mutum ne mai kunya ƙwarai. Ko a fili sai ya sa dogon matsattsen wando a ƙarƙashin na wasa don ya rufe gwiwa, wanka kuwa sai kowa ya gama yake shiga. Ga shi filin atisayen shingen waya kawai ne ya raba shi da titi, a tsallaken titin kuma gidan gurasar Kawu Fawzi ne, ƙanin mahaifiyarsa, inda kowace safiya tsofaffin unguwa ke zama a waje suna kurɓar gahawa, ƙawayen Mamansa suna layin gurasa mai za'atar, wato barbaɗen busasshen ganye da riɗi.

Ran Alhamis da ya shigo ɗakin canza kaya ya tarar an rataye ɗan hankici a ƙusar da yake rataye rigarsa. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin mutanen da ke danne dariya.

Ya ce, "Wannan fa na waye?"

Manase, abokin ɗaukar dukansa, wani ƙaton ɗan ƙasar Tonga mai siririyar murya, ya amsa ba tare da ya ɗago daga ɗaurin takalmi ba. "Kayan Litinin ɗinka ne, ɗan'uwa. Mun tausaya maka. In ya yi maka yawa ka yi magana a rage."

Ɗakin ya fashe. Wani har da dukan kabad.

Mazen ya yi yaƙe, ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya ja Brodie gefe. Brodie shi ne kyaftin, ɗan guntu mai raba ƙwallo, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko ana kan gudu.

"Kyaftin, don Allah. Ko da gajeren wando ne a bar ni. Ka san yadda muke, mu Musulmi."

"Na sani sarai," in ji Brodie. "Amma tuna mini, bara da Manase ya yi nasa, waye ya ce ya yanke kwana, sai ya sake zagaye?"

Mazen ya sosa ƙeya. Shi ne.

"Waye ya ɓoye masa wando a cikin kwandon ƙanƙara?"

Wannan ma shi ne.

Ya san zai iya cewa ba zai yi ba, don ba mai iya tuɓe Firji da ƙarfi. Amma ya san daga ranar ba zai ƙara buɗe baki a ɗakin nan ba. Za su gaishe shi, za su miƙa masa ƙwallo, sai dai in ya shigo hira ta canza. Ya yi shekara da shekaru yana zubar da jini tare da mutanen nan, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da yadda zai iya faɗa.

Brodie ya dubi fuskarsa, ya sassauta. "Saurara. Ba wanda ke son ya ga wannan jikin naka a waje, har da ni. Ran Lahadi in muka matso kusa da layinsu zan yi kamar Manase zan ba, su ruga kansa, sai in ɗan zura maka. Gurbi zai buɗe. Ka bi ta gurbin. Ka gane gurbi?"

"Na gane."

"Wurin da babu mutum, Firji."

"Na ce maka na gane."

Ran Juma'a bayan masallaci ya zauna cin abinci, Mamansa ta ajiye masa farantin mujaddara, dafa-dukar shinkafa da ƙananan wake, da ƙarfin da ya sa cokali ya yi tsalle. Nan ya gane labari ya iso gida. Manase yakan tsaya sayen gurasa wurin Kawu Fawzi, Kawu Fawzi kuwa magana ba ta kwana a cikinsa.

"Wai da gaske ne abin da na ji?"

"Mama, wasa ne kawai na 'yan..."

"A gaban shagon ƙanina? A gaban Umm Samir, wadda nake ta lallaɓa ta saboda 'yarta? Ya Allah." Ta zauna, ta dafe kai, ta sake miƙewa. "To wai me ake so ka yi da ya gagare ka?"

"In kai ƙwallo bayan layi in ajiye a ƙasa."

"Shi ke nan?"

"Akwai mutane a hanya, Mama."

"Ajiye abu a ƙasa ne ya gagare ka? Kai da kullum nake tsince safarka a tsakar ɗaki?" Ta ƙara masa salak ba tare da ya nema ba. "Jibi zan zo in gani da idona."

Cokali ya tsaya masa a iska. Tunda ya fara wasa ba ta taɓa zuwa fili ba. Cewa take ba ta haifi ɗa don ta zauna tana kallo ana jibgarsa ba.

Ran Lahadi da la'asar gari ya yi sanyi, rana ta fito fes. Wasan ba wani kofi a kansa, ƙungiyoyin biyu duk sun san daga yau sai hutu, amma filin ya cika, don labarin Firji ya zaga unguwa. Ya hango Mamansa a sahun gaba, ta rungume jaka a ƙirji, Kawu Fawzi na gefenta yana ɓare 'ya'yan kabewa.

Aka tafi hutun rabin lokaci ba su ko matso kusa da layi ba. Mazen ya yi aikinsa, ya bugi mutane, sun buge shi, ya ci ƙasa ya tashi. Bayan an dawo ne, can wajen tsakiya, suka tura abokan karawar har bakin layinsu. Brodie ya waiwayo ya taɓa hancinsa, alamar da suka shirya ke nan.

Komai ya tafi daidai. Brodie ya karɓi ƙwallo, ya juya kafaɗa wajen Manase, ya ƙwala kiran sunansa, masu tsaro suka yi caa a kan Manase. Ƙwallo ta faɗo hannun Mazen a hankali kamar an miƙo masa jariri. Ya ɗaga kai ya ga gurbin. Faɗinsa mota za ta wuce. Ga farin layi can, ga ciyawa shar, ba kowa. Sai dai can gefen dama, nesa da hanyarsa, mai tsaron bayan abokan karawa na tsaye, wani siririn saurayi da ya riga ya sadaƙar, ya ma sauke hannuwa.

Mazen ya rantse daga baya cewa zuciyarsa layin ta nufa. Ƙafafunsa ne suka ƙi. Tun yana yaro ake masa ihu ya nemi ƙirji, jikinsa bai san wata hanya ba. Ya karkata dama, ya bar ciyawar nan a buɗe, ya duƙar da kai, ya je ya afka wa saurayin nan da bai tsare masa komai ba. Suka zube tare. Kafin ya rarrafa gaba wasu sun iso sun danne shi, ƙwallo ta suɓuce, saura taki ɗaya ya kai.

Filin ya yi wani irin nishi, sannan dariya ta ɓarke har daga ɓangaren magoya bayansu.

Brodie ya durƙusa a kansa, hannu biyu a ka. "Me ya yi maka? Firji, me bawan Allahn nan ya yi maka? Yana tsaye abinsa!"

"Ban sani ba," in ji Mazen, da ciyawa a baki. "Na gan shi ne kawai."

Daga sahun gaba ya jiyo muryar Mamansa ta keta duk hayaniyar. "Can! Can aka ce maka, ba nan ba!"

Lokacin da koci ya saba fitar da shi ya huta ya yi, har an ɗaga lambarsa a bakin fili. Mazen ya san wanda ya fita yanzu ba zai dawo ba. Sai Manase ya dafe cinya ya fara ɗingishi, irin ɗingishin da ko yaro ya san na ƙarya ne, yana kiran a zo a ɗauke shi. Koci ya dube shi, ya dubi Mazen, ya girgiza kai, ya sa aka canza lambar. Da Manase zai wuce ya daki kafaɗar Mazen.

"Ba don kai na yi ba. Idanunmu nake tausaya wa ran Litinin."

Lokaci ya yi ta tafiya. Ba su ƙara samun irin damar nan ba. Saura ɗan abin da ba a rasa ba a tashi, ƙwallo na hannun abokan karawa, an matse su a bakin layinsu, an kayar da su sau biyar, in aka yi na shida dokar wasa ta ƙwace musu ƙwallo, don haka dole su buga ta da ƙafa ta yi nisa. Mazen ya riga ya fid da rai. Ya fara tunanin ko ya kwanta ciwo ran Litinin, ya kuma san ba zai iya ba. Haushin kansa ya kama shi, so yake kawai ya bugi wani. Ya ga mai bugun ƙwallon ya ja baya yana gyara tsayuwa, ya nufe shi a guje, abin da ba aikinsa ba ne, kuma ƙato irinsa bai taɓa isa da wuri ba.

Yau ma bai isa ba. Mutumin ya riga shi, ya narka wa ƙwallo ƙafa da duk ƙarfinsa, ita kuwa ba ta sami hanya ba sai tsakiyar fuskar Mazen.

An ce ƙarar har masu sayar da tsire a wajen fili sun ji. Shi dai fari ya gani, sannan ja. Ƙwallo ta yi tsalle ta koma baya, ta wuce mai bugun, ta tsallake farin layi tana gangarawa. Mazen bai ganta ba. Gudun da ya ɗauko ne bai ƙare ba, yana tangaɗi, hannuwa a buɗe, hanci na zuba, Brodie na bayansa yana ihu, "Faɗi! Faɗi kawai! Firji, faɗi!" Faɗuwa kuwa abu ne da ya iya. Ya zube rub da ciki, ya ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin ƙirjinsa.

Alƙalin wasa ya zagayo, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashinsa kamar mai duba mota. Ya miƙe, ya nuna ƙasa, ya busa usur, Firji ya ci.

Duk ƙungiyar suka hau kansa, har da Manase, wanda ya manta da ɗingishi ya rugo daga benci. An tashi an cinye su da maki kaɗan, amma a ɗakin canza kaya waƙa ake yi kamar su suka ci kofi.

A bakin ƙofa ya tarar da Mamansa tana jira. An cusa masa auduga, an manne hancin da filasta, idanunsa sun fara kumbura. Ta kamo haɓarsa ta juya fuskar hagu da dama, idonta ya kawo ruwa, ta shanye.

"Ya karkace," in ji ta.

"Likita ya ce za a iya gyarawa."

"Bar shi. Hanci ai dama a waje yake, kowa ya saba ganinsa." Ta gyara masa wuyan riga. "Amma ni da filin nan har abada. Ka ga yadda ka yi wa ɗan mutane?"

Ran Litinin da safe 'yan wasa suka hallara a filin atisaye kamar yadda aka saba, suka tarar ba wanda zai yi gudu. Suka tsaya suna kallon juna cikin sanyi, sannan Brodie ya ce tunda an fito, a tsallaka titi. Mazen na can zaune a ƙofar shago tsakanin tsofaffi, cikin rigar sanyi da hula da doguwar safa, yana ƙoƙarin shan gahawa ba tare da kofin ya taɓa filasta ba. Kawu Fawzi ya leƙo daga bakin tanda, ya ga ƙarti sun cika masa ƙofa, ya ce duk wanda ya zauna masa a kan ƙaramar kujera ta karye, shi zai gyara, sannan ya koma ya ƙara kwaɓa fulawa.