Motar Katakon Signe

Bakin injin huda ya taɓa katakon, ya zame, ya bar 'yar tsaga a gefe. Arlo Brekke ya kashe injin, ya cusa hannun damansa cikin aljihu kafin jikarsa ta lura.

Amma Signe ta riga ta gani. "Kaka, hannunka rawa yake yi."

"Sanyin garejin nan ne. Ke dai riƙe motarki da kyau."

Motar kaɗan ta ɗara tafin hannu. Guntun katako ne da Signe ta sassaƙa da kanta, ta shafe shi da fenti ruwan lemo. Yau da yamma za a sake ta daga saman gangara a zauren coci tare da na sauran yara a yi tsere, ba inji, ba turi. Ramuka huɗu kawai suka rage, na ƙusoshin da tayoyi za su juya a kansu. Idan rami ɗaya ya karkace, ko da kaurin gashi ne, motar za ta yi ta gogar gefen hanya har a bar ta a baya. Arlo ya san haka sarai. Shi ya huda wa 'ya'yansa maza biyu nasu a zamaninsu, kuma ba a taɓa samun matsala ba.

Ya ciro hannun, ya dube shi. Bai daina rawa ba.

A bakin ƙofa 'yarsa Marit, mahaifiyar Signe, tana tsaye da kofin kofi a kowane hannu. Ta ga komai.

Arlo ya yi gyaran murya. "Marit, ajiye kofunan nan ki zo."

"Ni?" Ta yi dariya. "Yau kuma an yarda in taɓa injin Baba? Da nake kamar Signe, tsintsiya kawai ake miƙo mini."

"A lokacin ba a sa 'yan mata a tseren."

"Ai ba tseren na roƙa ba, Baba. Injin na roƙa."

Sai ya matsa gefe.

Ta naɗe hannun riga. Ya tsaya a bayanta yana magana ƙasa-ƙasa: ta matse katakon sosai, ta duba bakin injin ta gaba da ta gefe, kada ta danna, ta bar shi ya ci da kansa. Garin katako ya riƙa fitowa a hankali. Da ta gama na huɗu ta sauke numfashi, goshinta duk zufa a wannan sanyi.

Suka saka tayoyin, suka jingina wata tsohuwar ƙofa a kan bulo suka saki motar. Ta ɗan ja hagu. Arlo ya sa Signe ta juya ƙusar gaba kaɗan, suka sake gwadawa. Wannan karon ta miƙe ɗoɗar har ƙasa, ta daki takalminsa.

"Ka gani, tsoho?" in ji Signe. "Mama ta fi ka!"

"Yi mini shiru, 'yar nema."

A zauren cocin motar ta cinye zagayen farko, ta cinye na biyu. A na ƙarshe wata mota mai siffar yankan cuku ta sha gabanta da ƙyar. Signe ba ta damu ba, ta karɓi kyautarta ta matsayi na biyu ta ruga wajen teburin kek. Marit kuwa ta yi ihu har fasto ya waiwayo, muryarta ta dushe.

Suna saka rigunan sanyi aka sanar a lasifika cewa wata mai zuwa akwai tseren manya.

"Baba," in ji Marit, tana gyara masa wuyan riga, "ranar Asabar kana gida?"

"Signe za ta yi wata motar ne?"

"Signe ta yi tata. Saura ni."

Arlo ya dube ta. Sannan ya zaro tarin makullansa, ya shiga fama da zoben, yatsunsa na karkarwa. Ta tsaya tana jira, ba ta sa masa hannu ba, har ya ciro makullin garejin ya ɗora mata a tafi.