Dami Ashirin da Huɗu

A shekarar 1984 ni ne malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tudun Bukar, wani ƙauye can bayan Hamdara. Sunana Idirisu, amma ba mai kirana da shi. Mushe suke ce mini, kamar yadda ake ce wa duk malamin lakwal, ni kuwa ban taɓa son sunan ba, balle a shekarar da mushen gaske ya cika daji. Ɗan Birnin Damagaram ne ni, jikan maɗinka. Abin da na sani game da gero shi ne ana fura da shi.

Lissafi dai na iya, kuma ina da girman kai a kansa. Kullum safe sai na rubuta wa yara a allo: manomi ya sami kaza bara, ya sami kaza bana, kashi nawa cikin ɗari ya rasa? Wanda ya kuskure ya sha tsawa.

Bayan an gama ɗan girbin da aka yi, Maigari Mai Nasara ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da takarda a hannu, ya riƙe ta a kife.

"Mushe, daga hukuma a Mirriya aka kawo. Duba mana."

Na karanta masa. Za a raba hatsin taimako, amma sai ga garin da asararsa ta wuce kashi hamsin cikin ɗari, wato fiye da rabin abin da ya saba samu. Ana son a rubuta abin da gida ɗaya ke samu a shekara mai kyau, da na bana, a fitar da muwayan, wato matsakaicin garin duka.

"Rubuta musu cewa ba mu sami kome ba," in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba. Sai an ƙirga."

Ya dube ni ya ce, "To, kai ne mai karatu."

Kwana uku ina bin gidaje hamsin na garin da kaye, littafin rubutuna, a hammata. Tambaya biyu nake yi wa kowane magidanci: dami nawa kake sawa a rumbu in damina ta yi kyau, dami nawa ka sa bana? Ba wanda ya yi mini ƙarya, wannan na tabbatar. Wasu ma har leƙa rumbun na yi na ƙirga da kaina, don kada a ce Mushe ya yi aikin ganin-ido.

Da na tara, na shekara mai kyau ya kama dami dubu biyu, na bana dubu da ɗari biyu. Na raba kowanne gida hamsin: arba'in a da, ashirin da huɗu yanzu. An rasa sha shida cikin arba'in, biyu bisa biyar ke nan, kashi arba'in cikin ɗari. Na sake bi sau biyu. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin amsar, kamar yadda nake tilasta wa yara.

Na gaya wa Maigari ba mu kai ba, saura kashi goma.  Ya dangwala yatsa a takardar, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Aka tafi da ita Mirriya ran kasuwa.

A gidan wani magidanci, Mutari, nake cin abinci tun zuwana garin. Mahaifiyarsa, Inno, ita ke aiko mini da kwano, kuma ita kaɗai ce a garin ba ta shakkar gaya mini magana. Mako biyu bayan tafiyar takardar na shiga gaishe ta, na tarar ta kwance dami ɗaya tana sussuka. Na zauna a kan turmin da ke kife ina kallo, don ba ni da abin yi. Ta gama, ta sheƙe, ƙaiƙayi ya tashi ya bar ɗan tsaba a ƙwarya. Ta ɗauko tiya, kwanon awo, ta auna. Biyu, ta biyun ma ba ta yi tozo ba.

"Inno, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Na damin."

"Shi ke nan. Da can dami ɗaya tiya shida yake ba ni. Na bana ka gan shi, kamar tsintsiya, zangarniyar kuma rabi ba ido."

Na tambaye ta ko na gidansu ne kawai haka. Ta yi dariya, ba ta jin daɗi ba.

"Ɗan nan, kai dai ɗan birni ne. Dami a ka ake ɗauko shi daga gona, a ratsa gari da shi, kowa na zaune yana ƙirga na kowa. Wane magidanci ne zai yarda a ce dami takwas ya shigar? Sai ya ɗaure shi siriri ya yi sawu da yawa. Kowa ya san na maƙwabcinsa haka yake, kowa ya kau da kai."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Dami ka tambaya, dami aka ba ka."

A nan zaune na yi lissafin, ko kaye ban nema ba. Arba'in sau shida, tiya ɗari biyu da arba'in. Ashirin da huɗu sau biyu, arba'in da takwas. Ɗaya bisa biyar ya rage wa mutane. Asarar kashi tamanin ce cikin ɗari, ni kuwa na rubuta arba'in na ja mata jan layi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa gama gaisuwar da ta kawo ni.

Washegari na hau keke zuwa Mirriya. Komin da ke karɓar takardun, wani akawu mai suna Suma'ila, mutum ne mai haƙuri. Ya saurare ni har ƙarshe, ya nemo kwafin takardata, ya bi ta da bakin alƙalami.

"Ai lissafinka daidai ne, Mushe. Cikin duk waɗanda suka zo, taka ce ta fi tsabta."

"Lissafin daidai ne, damin ne ba daidai ba."

Ya ce ya gane, amma jerin garuruwan ya riga ya tafi Damagaram, an raba buhunan a kansa. Za a sake buɗe wani jerin bayan wata uku. Ya karɓi sabuwar takardata ya sa a sama, ya yi alkawari tamu za a fara dubawa. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba.

Kamyon hatsi, ƙatuwar mota, ya zo ya wuce ta bakin garinmu zuwa wani ƙauye da ke gaba. Daga baya na ji wanda ya cika tasu takardar ko raba goma gida biyu bai iya ba, kashi tasa'in kawai ya rubuta. Mutanen Tudun Bukar suka tsaya a bakin hanya har ƙurar ta kwanta, suka koma gida. Ba wanda ya ce mini uffan. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga nan aka fara tafiya. A kasuwannin kusa ko da kuɗinka ba mai sayar maka da gero, ni kaina garin rogo nake jiƙawa in na samu. Mutari ya ɗaure kayansa, shi da matarsa da babban ɗansu suka nufi Kano neman abin yi. Inno ba ta iya doguwar tafiya, aka bar ta da ƙananan jikoki biyu, Fanta da Lubabatu.

Kwana biyu da tafiyarsu, da hantsi, ina cikin aji sai ga ta a bakin ƙofa da tiya a hannu da ɗan ƙoƙo. Ba ta taɓa taka lakwal ba. Na fito.

"Mushe, tunda ka iya lissafi, yi mini wannan. Tiya tara Mutari ya bar mana. Kwata nake dafawa a rana. Zai kai mu yaushe?"

"Kwana talatin da shida, Inno."

"Hatsin naku fa, yaushe ka ce?"

"Kafin ya iso nan, wata uku. Kwana tasa'in."

"To nawa zan riƙa ɗiba ya kai?"

"Ɗaya bisa goma na tiya."

"Ni ban san wannan ba. Nuna mini."

Na cika tiyar da yashi, na zube a ƙasa, na raba shi tsibi goma daidai yadda ido zai iya. Na kwashe tsibi ɗaya na zuba a ƙoƙon, na karce bakin inda ya tsaya da tsinin kusa. Ta karɓa, ta karkata shi wajen haske, ta daɗe tana duban layin.

"Ya ishi yaran," in ji ta.

Ta zubar da yashin, ta kaɗe ƙoƙon a zaninta, ta tafi.