Balangun Gwadabe

Shekara uku da komawarmu Fatakwal bayan yaƙi aka yi wa matata Haulatu aiki a ciki. Ɗinki ya warke, amma hanjinta ya manne. Likita ya ce ta riƙa shan kunu da romo kaɗan-kaɗan, ban da nama mai tauri.

Yayanta Gwadabe mahauci ne a Mile One, ya samu kwangilar kai nama wa wani kamfanin man fetur. Ya zo dubiya da balangu da kwalbar maganin ƙarin jini.

Ya ce, "Malam, ƙanwar mahauci kake ɗura wa kunu kamar marainiya? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Hanjinta ba zai ɗauka ba, Alhaji."

"Karatu ya yi maka yawa. Ci, Haulatu."

Ta dube ni, ta dubi yayanta. A gidansu ba a mayar da hannun babba. Ta ci yanka huɗu.

Bayan kwana biyu cikinta ya toshe. Ba ta fito daga asibiti da rai ba.

Ranar sadakar uku na ji shi yana gaya wa liman wai alhamdulillahi, ba da yunwa ta tafi ba.