Hoto Ɗaya a Gonar Fure

"Taka motar nan, Gaggawa. Yau da nake neman saurinka, yau ka ga damar zama mai hankali?"

Direba ya yi dariya ya ƙara wuta, amma idonsa na kan ramukan hanya, don duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji tsohon ya haɗiye nishi. Baba Mai Hoto na zaune kusa da shi, ya rungume kyamara a ƙirji, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. A kujerar baya Inna ce, matarsa, da gorar ruwa da ledar magani a cinya, tana ta mita cewa mutumin da aka sallamo daga asibiti shekaranjiya ba shi da abin nema a gona.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Shekara tara ke nan, duk sa'ad da gonakin bayan gari suka yi fure, Direba ke sauke fasinjan ƙarshe da la'asar ya kawo tsohon. Baba ne ya raɗa masa Gaggawa, don a tsaye yake shan shayi, kuma kafin danja ta ba da hannu ya riga ya danna hon. Shi kuwa Baba, sai dai a bar shi da halinsa. Duniya ta koma ɗaukar hoto da waya, shi yana nan da tsohuwar kyamararsa mai cin fim, baƙa, mai nauyin tsiya, wadda ko Inna ba ta isa ta matsar da ita daga kan tebur ba. Shagonsa ya daɗe a rufe, tun da maganin wankin hoto ya fara kama masa ƙirji. Abin da Direba ke iya tunawa da shagon shi ne fim rataye a igiya kamar shanya, in ka ɗaga shi sama sai ka ga mutane ƙanana a jere.

Sun iso rana ta yi ƙasa. Gonakin sun miƙe iyakar ganin ido, furen nan mai faffaɗan kai da manoma ke shukawa don mansa, rawaya kamar ɗorawa, duk sun juya wa rana baya. Abin da Baba ke so ke nan. Ya sha faɗa cewa da tsakar rana furen ba shi da labari, sai ta kusa faɗuwa haske ya biyo ta bayansa, gefen kowane fure ya kama. Minti goma ne kacal, in ka makara sai gobe.

Direba ya riƙe shi suka taka zuwa bakin kunya. Tsohon ya ɗauki hoto uku, yana hutawa tsakani, numfashinsa na fita da ƙyar. Sai ya dubi 'yar lambar da ke saman kyamarar ya ce saura ɗaya. Ya murɗa nan, ya gyara can, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya cire igiyar daga wuyansa ya rataya wa Direba.

"Zo nan, tsohuwa. Shekara arba'in da ɗaya na ɗauki rabin mutanen garin nan, amma babu hoto ɗaya da ni da ke."

Inna ta ce ai bai faɗa mata ba, da ta sako kayan kirki, dubi takalmin da ke ƙafarta. Tana faɗa tana gyara ɗauri, tana kuma matsowa. Baba ya ce wa Direba ya kafa gwiwar hannu a jikinsa, ya riƙe numfashi, ya ƙirga uku, ya danna kamar mai taɓa kan jariri. Direba ya sa ido a 'yar tagar, ya gan su sun zama ƙanana cikin rawayar nan. Gumi ya keto masa. Ya danna, kyamarar ta ce ƙyat.

Baba ya ce gobe in ya ji ƙarfi zai fitar da fim ɗin da kansa. A hanyar komawa barci ya yi.

Ƙarfin bai zo ba. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Direba na wanke mota a ƙofar gida ya ji Inna na kiransa ta kan katanga, ba da ƙarfi ba. Ya shiga da kumfa a hannu. Baba na kan kujerarsa ta bakin taga, kai ya langaɓe gefe, shayin da ya ce a haɗa masa na kan tebur bai ko huce ba. Direba ya durƙusa a gabansa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa, har sai da Inna ta koma tana ba shi haƙuri.

Da masu gaisuwa suka ragu, ta kawo masa kyamarar naɗe a tawul. Ta ce ita ba ta san ta inda ake buɗe abin nan ba, ya taimaka ya kai a wanke mata hoton. A gidan kaf babu hoton Baba sai ɗan mitsitsin da ke jikin katin shaidarsa, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar.

To, a nan Direba ya yi abin da har gobe yake da-na-saninsa. Tun ranar gona wani abu ke damunsa: anya hannunsa bai yi rawa ba? Anya bai yanke wa tsohon kai ba? Ya shiga mota da tsakar rana, ya ce bari dai ya duba kafin kowa ya gani. Ya taɓa nan, ya ja can, bayan kyamarar ya buɗe. Ya zaro fim ɗin tsawonsa, ya fito da shi ta taga ya ɗaga wa rana, yana neman mutane ƙanana. Bai ga komai ba. Ya ce wataƙila sai an wanke, ya nannaɗe shi a yatsa ya sa a aljihu.

Mutum ɗaya ya rage a garin mai wankin fim, can bayan tashar jirgin ƙasa, wani dattijo mai tabarau. Da ya ga abin da Direba ya ciro daga aljihu, sai ya cire tabaran ya ajiye.

"Wa ya buɗe?"

"Ni ne. Dubawa kawai na yi."

Dattijon ya ce masa fim ɗin da ba a wanke ba, ko hasken ashana ya gani ya ƙone, shi ya sa a ɗakin duhu ake fitar da shi. Direba ya roƙe shi don Allah ya gwada, ko ɗaya ne, na ƙarshen kawai. Mutumin ya gwada don ya rabu da shi. Bayan awa guda ya fito masa da shi baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe.

Ranar bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Ya yi ta zaga gari yana ƙulla ƙarya yana kwancewa. Ya ce zai ɗora wa mai wankin fim laifin, amma bawan Allah bai yi masa komai ba. Ya ce zai ce kyamarar ce ta tsufa, sai ya ga ai Baba zai ɗora wa ke nan, mutumin da bai taɓa ɓata hoto ba. Ya tsani hannunsa, ya tsani kansa.

Da la'asar ya yi sallama. Ya tarar da Inna a falo, ta sa an kafa sabuwar ƙusa a bango, a cinyarta kuma ga firam mai gilashi da ta sayo, ko takardar jikinsa ba ta gama cirewa ba. Ta ɗago da murna tana duban hannunsa.

Bai zauna ba. Daga bakin ƙofa ya durƙusa ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ya so ta zage shi, ko ta kore shi, da ya fi masa sauƙi. Sai ta dube shi ta ce:

"Amma kai da ka leƙa ciki, ka gan mu?"

"Na gan ku, Inna."

"To zauna ka faɗa mini. Ni gilashin kyamarar nake kallo, ban ga komai ba."

Ya zauna a ƙasa. Ya ce furannin sun kai musu kafaɗa, haske ya zagaye hular Baba da gefen mayafinta. Ya ce ita ta tsaya ƙiƙam, ta haɗe hannu, ta ɓata rai kamar za a yi mata allura. Ta ɗan murmusa.

"Shi fa? Ya kalli kyamarar da kyau?"

"Bai kalle ta ba, Inna. Ina cewa uku ya juya. Ke yake kallo."

Ta sunkuyar da kai, ta kama bakin mayafinta, ta shiga goge gilashin firam ɗin a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan.