Ƙugiya a Bakin Bubu

Shekara goma sha ɗaya yayata Asenaca tana nutso a tekun Beqa, tana cire wa shak, manyan kifayen nan masu kaifin haƙora, ƙugiyoyin masunta da suka maƙale musu a baki. Ni ke tuƙa mata jirgi. Wata rana wani baƙo ya ɗauki bidiyonta tana riƙe da kan tsohuwar shak ɗin da muke kira Bubu, ya ɗora a intanet.

Kafin kwana biyu aka yi mata rubdugu da zagi, wai tana azabtar da dabba don neman suna. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Corbin, shugaban wata ƙungiyar kare shak a Ostireliya, wanda bara ya roƙe ni in ɗauke shi hoto yana rataye a bayan Bubu. Ƙungiyarmu ta masu nutso ta tsorata, ta dakatar da Asenaca.

Na ce, "Yaya, hoton yana wayata. Bari in tona masa asiri."

"Ka tona, sai su mayar da ni ruwa? Rufe wurin nutson za su yi gaba ɗaya."

Wata bakwai ke nan. Rogo take sayarwa a kasuwar Navua, amma kullum da la'asar idan na dawo da jirgi ina tarar da ita a bakin gaɓa.

"Ka ga Bubu yau?"

"Na gan ta. Wata sabuwar ƙugiya ta kama ta a baki, ta hagu."

Ta daɗe tana kallon ruwan. "Da ina ciki, da kanta za ta zo wurina," in ji ta, sannan ta karɓi igiyar jirgin ta ɗaure.